Likita, ƙashin muƙamuƙin Mama ya fito waje, an ce sai tiyata

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, duk ranar shirinku ina manne da rediyo. Dan Allah shawara nake nema akan mahaifiyata, shekarunta 58. Sankarar mama ce ta kama ta har ta taɓa ƙashi, shine aka ɗora ta akan ƙarin ruwa na zoledronic acid duk wata, yau kusan shekara biyu. To cikin azumi turminta na ƙasa ya hana ta barci muka kai ta aka cire, wallahi ba wanda ya tambaye mu wane magani ake mata, mu kuma bamu san ana faɗa ba. Wata huɗu kenan ramin ya ƙi rufewa, in na haska da tocilar waya ƙashin nake gani tsirara, ga mugunya ga wari, tuwo ta daina ci sai kunu a cokali, jikoki in suka matso sai ta ja mayafi ta rufe baki, wannan yafi komai yi min ciwo.

Likitan muƙamuƙi yace maganin ne ya hana ƙashin sabunta kansa, da aka cire haƙorin sai wurin ya mutu. Munyi kurkure baki da chlorhexidine, an sha antibayotik, warin ya ragu amma ƙashin na nan. Yanzu yace a kankare mataccen har a kai inda ke fidda jini, sannan a ɗebi jininta a hannu a juya a inji a ware ɓangaren da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru, PRP ya kira shi, a sa a ramin a ɗinke dasashi a kai. Gaskiya bai ɓoye mana ba, yace ba garanti, kuma kuɗinsa daban.

Shine nace Likita, wannan PRP ɗin yana ƙara wani abu ne da gaske ko kankarewar kawai ta isa? Ita da kullum ake cewa jininta yayi ƙasa, ɗiban ba zai kayar da ita ba? Ƙarin ruwan fa, a tsayar kafin aikin? Dan naji ance yana shekaru a cikin ƙashi ko an daina, kuma ina tsoron sankarar ta samu sarari. Yayanmu shi ya dage jifa ne a bar asibiti, ni kuma ranar Litinin zan ba likita amsa.

Nagode, Allah ya saka da alheri.
'Yarka daga Zariya