Burodin da bai sayu ba, wa ke ɗaukar asararsa?

Ranka ya daɗe Edita,

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a shekarar 2022. Burodi na cikin abin da aka fi zubarwa, domin kwanakinsa kaɗan ne, ba kamar busasshiyar taliya da ke shekara ba ta lalace ba.

Ana yawan yaba wa masu mayar da ragowar burodi abincin dabbobi, da masu cin moriyar dusar alkama da karyayyar taliya. Madalla, sai dai duk wannan bayan ɓarna ta auku ne. Tushen matsalar yana cikin yarjejeniyar da ke ba kanti damar mayar wa gidan burodi duk abin da ya kwana, kamar yadda ake yi a Suwidin. Mai kantin da ba ya asarar komai, me zai hana shi yin odar da ta wuce kima?

Shawarata, a raba asarar tsakanin kanti da gidan burodi. A kuma wajabta miƙa ragowar ga mabuƙata kafin a kai wa dabbobi, kamar yadda dokar Faransa ta 2016 ta ɗora wa manyan kantuna.

Naka,
Mai karatu