Zuwa ga abokan cinikinmu, game da taiyaki

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa.

Tun da muka fara gasa taiyaki a shagonmu ake ta tambayarmu wane irin kifi ne a ciki, har wasu iyaye sun fasa saya wa yara don gudun ƙaya. Ku kwantar da hankalinku, babu kifi ko kaɗan. Ƙullin fulawa ne da ƙwai da sukari, a zuba a kaskon ƙarfe mai siffar kifi, a cika shi da dafaffen wake mai zaƙi, a rufe a gasa.

Sunan daga Japan ya zo. Tai wani jan kifin teku ne mai tsada, yaki kuma gashi ke nan a harshensu. Japanawa suna girmama tai, suna kawo shi a bukin aure da na sabuwar shekara, saboda sunansa ya yi kama da ƙarshen kalmar medetai, wadda suke faɗa idan abin alheri ya samu. A da talaka bai cika samun sa ba, sai masu gasa wainar fulawa a bakin titi suka ba tasu siffarsa, kowa ya saya da ɗan kuɗinsa. Ana danganta farkon taiyaki da shagon Naniwaya da aka buɗe a Tokyo a 1909, kuma har yau yana aiki.

Japanawa da waken azuki suke yi, wani ƙaramin jan wake. Da yake samun sa a nan da wuya, da jan wakenmu muke yi, kuma a tsiro dangin juna ne. Mukan dafa shi har ya yi luguf kafin mu sa sukari.

Sai batun jira, wanda mun san yana damun wasunku. A Japan akwai masu gasa da yawa a jere a babban kasko, akwai kuma masu gasa ɗai-ɗai, kowane da kaskonsa, ana juya shi da hannu a kan wuta. Mu ɗai-ɗai muke yi, domin ta haka ne bayansa ke yin siriri ya yi ƙaras-ƙaras, waken kuma ya kai har wutsiya. Ba za mu sauya wannan don sauri ba. Mai buƙatar da yawa, na suna ko walima, ya sanar da mu tun ana gobe.

Mun gode da cinikinku, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Masu shago da ma'aikata