Kafin ka sayi famfon mai

Kano

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan zafin Yamai bai takura muku ba. Mu nan sai godiya, bazara ta kankama. Hajiya tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo gida.

Na saurari saƙonka kan motarka har sau biyu. Ka ce da safe bugu ɗaya take tashi, amma in ta wuni a rana, sai kik ya yi ta juyawa inji ya ƙi kamawa, har sai ta huce. Tun kafin ka ƙarasa na gane ciwon, domin irin haka motar marigayi Baba ta yi min bara. Shi ya sa na zauna na rubuta maka, kada ka yi asarar da na yi.

Ni sai da na sauya fulogi, na sauya batir, na je Ƙofar Ruwa na sayo famfon mai, duk a banza. Daga ƙarshe aka kai ni wajen wani dattijo mai wayarin. Ko bonet bai buɗe ba. Ya zauna a kujerar direba, ya ce kowa ya yi shiru, ya murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, bai buga kik ba. A mota mai lafiya irin wannan za ka ji ƙas, sannan gurnanin famfo daga wajen tanki na kamar daƙiƙa 2. Mu ba mu ji komai ba. Sai ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya ɗan ƙwanƙwasa wani ƙaramin akwati da yatsa. Nan take famfo ya yi gurnani, mota ta tashi.

Akwatin nan shi ne rile. Makunni ne da wuta ke sarrafa shi: 'yar wuta kaɗan ta shiga naɗin waya, ta zama maganaɗisu, ta jawo bakin ƙarfe ya haɗe, sai babbar wuta ta wuce zuwa famfo da ƙwaƙwalwar mota. A motocin shekarun 1980 da 1990 da yawa, ƙafafunsa a kan wani ɗan allo suke, dalma ce kawai ke riƙe su. Shekara talatin ana zafi ana sanyi, ƙarfe yana buɗewa yana tsukewa, ga girgizar hanya, dole dalmar ta gaji ta tsage. In gari ya yi sanyi tsagar tana manne, wuta na wucewa. In rana ta haura maki 40, cikin mota a kulle ya zama tanderu, sai ta buɗe baki.

Da dattijon ya zare allon ya kai shi hasken rana, da farko ban ga komai ba. Sai da ya karkata shi na hango wani siririn zobe, bai kai kaurin gashi ba, ya kewaye ƙafa uku. Wannan ɗan zoben ne ya hana ni sukuni wata biyu.

Gyaran kuwa kai ma za ka iya, tunda tare muka koyi liƙin rediyo a zauren gidanku. Fara cire kan batir na nagetib. Ɓalle murfin rilen a hankali, robar ta tsufa, tana saurin karyewa. Sodarin, wato ƙarfen narka dalma, mai wat 30 zuwa 40 ya isa. Ka tsotse tsohuwar dalmar tukuna, kada ka ɗora sabuwa a kanta. Ka gasa ƙafar da allon tare, sannan ka kawo dalmar ta narke da kanta ta malale, ta fito sumul tana sheƙi. In ta yi dunƙule ta dushe, ba ta kama ba, sake. Nemi irin ta masu gyaran rediyo, mai kashi 60 kuza 40 dalma da ƙaro a cikinta, tana narkewa wajen maki 190. Ruwan asid na masu liƙin lagireto kada ya kusanci allon, cinye shi zai yi. Tunda ka buɗe, bi duk ƙafafun, ba masu tsagar kaɗai ba. In ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko yara.

Abu ɗaya nake roƙonka don Allah: duk wanda ya ce zai ja maka waya kai tsaye zuwa famfo a huta da rile, kada ka yarda. An yi shi ne don famfo ya tsaya in inji ya mutu. In aka tsallake shi, ranar da aka yi hatsari, Allah ya kiyaye, fetur zai ci gaba da kwarara. Kuma in ka tarar bakin ƙarfen ya ƙone ƙurmus ko naɗin ya tsinke, liƙi ba zai yi ba, sai sabo.

Tun bayan gyaran nan, motar Baba ta cinye sauran bazarar bara, ga ta cikin ta bana, ba ta sake ƙin tashi ba. Da ita nake kai Hajiya asibiti, a kujerar da ta saba zama.

In ka buɗe naka, ɗauko min hoton bayan allon a hasken rana ka turo, mu duba tare. Ka gaishe min da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka