Godiya ga ma'aikatan jinya na sashen yara masu tamowa, Babban Asibitin Shinkafi

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan lafiya na Jihar Zamfara da na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke aiki tare a sashen yara na Babban Asibitin Shinkafi. Ina cikin mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, yanzu muna fakewa a ajujuwan makaranta da kangayen gari.

Jikata ce ta kwanta. Ta fara da gudawa, ta daina karɓar abinci, sai ƙafafunta suka kumbura, gashin kanta ya yi ja. Kafin mu zo gare ku mun sha yawo. Akwai inda aka ce sai mun yanki kati kafin a ko dubi fuskar yarinyar. Akwai mai shagon magani da ya ɗaura mata ƙarin ruwa, ya karɓe kuɗin akuyar da ta rage mana, jikin kuma ya ƙara rikicewa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kallon da ake yi wa ɗan gudun hijira, kallon mai bara, alhali jiya da rumbunsa da shanunsa.

Da wannan zuciyar na shigo asibitinku, na shirya wa tsawa. Sai wata nas ta taso ta karɓi yarinyar daga bayan uwarta, ta ce mini, "Baba, sannu da hanya, zauna ka huta." Ta ɗaura mata tef ɗin awo a dantse, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa. Nan take aka ba mu gado. Har muka fita ba wanda ya tambaye ni ko sisi.

Da na ga madarar da ake ba ta kaɗan-kaɗan ta robar hanci, na ce, "'Yata, yunwa fa ke damunta, ku ƙara mata." Ba ta yi fushi ba. Ta zauna ta fahimtar da ni cewa yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, in aka cika masa ciki lokaci guda, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Shi ya sa take tashi cikin dare, kan lokaci, ta ba ta. Ranar sallama ta haɗa mu da abincin tamowa na leda, ta roƙi uwar kada ta raba wa sauran yaran, domin magani ne. Ta san suna jin yunwa su ma, kuma ta faɗi hakan ba tare da ta kunyata mu ba. Allah Ya yi wa iyayenta albarka.

Mu a Zamfara mun san MSF tun 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwajin da suka yi da Ma'aikatar Lafiya a 2024 ya nuna cewa a Shinkafi da Zurmi, cikin yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya na fama da tamowa. To ina sauran masu alhaki? Ƙananan asibitocin ƙauyuka da yawa a kulle suke, ma'aikata sun gudu, manomi bai isa ya je gonarsa ba. Inda muke kwana ba ungozoma, ba isassun makewayi, ga damina na zuwa da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa. Masu zuwa da buhun shinkafa da kyamara su taimaka su turo mana ma'aikacin jinya ko ɗaya da zai zauna tare da mu.

Naku,
Wani dattijo ɗan gudun hijira, Shinkafi