Wasiƙa daga Manaus

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da su Inna da yara duka. Ni ma lafiya lau, sai dai ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Wanki ma sai ya fara tsami bai bushe ba.

Na ga saƙonka, wai in zan dawo in riƙo maka tsuntsu mai daɗin kuka ka haɗa da kanarinka. To, wanda mutanen Burazil suke ji da shi sunansa uirapuru. In ka gan shi sai ka raina shi: tsawonsa wajen santimita 12, launin ƙasa, maƙogwaro ja-ja, ga 'yar guntuwar wutsiya. Ba ruwansa da ƙololuwar bishiya. Ƙasa-ƙasa yake yawo cikin duhun kurmi, shi da matarsa da 'ya'yansu, suna tona busasshen ganye suna tsintar ƙwari da gizo-gizo.

A kurmin Ducke na ji shi, wani daji mai hekta 10,000 a bakin garin nan, inda muke zuwa aikin makaranta. Da sassafe ne, takalmanmu duk taɓo, sai mai yi mana jagora ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Yaya, fito ne tas kamar sarewar makiyayi. Ya ɗauko daga ƙasa ya cilla sama, ya sauko, ya ɗan yi gurnani a maƙoshi, sai ya sake ɗauka daga farko bai kuskure ko ɗaya ba. Su a nan suna cewa in ya soma, sauran tsuntsaye shiru suke yi. Ni dai ranar aku ba su fasa surutunsu ba.

Sunan nan da ya yi shi ya jawo masa. Akwai masu imanin cewa gashinsa ko busasshen jikinsa na kawo farin jini da kasuwa, har a kashe shi a yi laya. Ashe ba a garinmu kaɗai ake wannan ba. Ni abin ya fi ƙarfina, a kashe mai murya irin wannan don a sayar da haja.

Batun tsaraba kuwa, ka yi haƙuri. Tun 1967 doka ta hana kama namun daji a ƙasar nan, kuma dokar 1998 ta sa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1 da tara. Ko da an bari ma, ba ya cin gero, kuma tsuntsun da ya saba da laima da inuwa ina zai kai da hunturunmu? Na ɗauki kukansa a waya, zan turo maka ta WhatsApp, ka kunna wa kanarin naka mu ji ko zai tanka.

Kuɗin maganin Inna na tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda. A gaida Baffa, a ce ina neman addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka