A Tuna da Masu Ƙaramin Kiwo Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan masu ƙaramin kiwo na ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, wato gidajen da dukiyarsu ba ta wuce 'yan awaki da tumaki da kaji ba, waɗanda galibi mata ne ke ɗawainiya da su. Duk shekara idan damina ta ƙarato, maganar takin zamani da iri da hasashen ruwan sama ce ke cika jaridu da gidajen rediyo, alhali dabbar da za ta kai kaka da ranta, aikin da aka yi mata a bazara ne ke kai ta.

Mutumin birni yakan ɗauka cewa da zarar ruwa ya sauka wahalar dabba ta ƙare, amma masu kiwo sun san cewa makonnin farkon damina sun fi kowane lokaci tsanani. Ruwan farko yana lalata ragowar kara da busasshiyar ciyawar da dabbobi ke kalato, sabuwar ciyawa ba ta kai a yanka ba, sannan da an yi shuka mai unguwa zai sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Akuyar da ta saba yawo tana tsintar 'ya'yan gawo sai ta koma turke, ba ta da abin ci sai wanda aka kawo mata. Gidan da ya cinye harawarsa tun watan Maris, ko ya sayar da ita saboda ta yi tsada, shi ne za ka ga ya ja akuya mai ciki zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, ƙashin haƙarƙarinta a waje, ya sayar da ita yadda dillali ya ga dama.

Saboda haka aikin farko na bazara shi ne lissafin abinci. Harawar wake da ta gyaɗa da aka jibge a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya ya kamata a sauke ta a shigar da ita inuwa tun kafin hadari ya fara haɗuwa, domin harawar da ruwa ya daka takan yi funfuna, ganyenta ya zube, a bar mutum da tsinke. A ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai an ɗaure dabbobi, a haɗa da dusa da kowar wake da ɗan kanwa. Wannan lissafi ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, tun da Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 an yi ta ranar 6 ga Yuni, ke nan kiwon ragon layya ya faɗo daidai lokacin da abincin dabba ya fi tsada, kuma zai ci gaba da nutsawa cikin bazara.

Sai gyaran garke. Takin da ya taru tun kaka a kwashe shi a kai gona, kamar yadda manoman karkarar Kano suka daɗe suna yi da jaki da mangala, wanda shi ya sa gonakinmu ke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Bayan an kwashe sai a ɗaga ƙasan garken da jar ƙasa, a fitar da magudana, a gyara rumfa, saboda dabbar da ke tsaye cikin caɓi ita ce ke kamuwa da ciwon kofato da tsutsar ciki. A kuma tsince leda daga tsakar gida da bakin bola, domin duk mahaucin da ke fiɗa a Kano zai ba da labarin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin akuya.

Abin da ya fi damuna shi ne rigakafi. Cutar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, tana iya share garke cikin 'yan kwanaki, kuma ta fi shigowa gida ta hanyar dabbar da aka sayo a kasuwa aka haɗa da na gida ba tare da an keɓe ta ba. Allurarta ba daga waje ake jiran ta ba: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin ta, kamar yadda take yin rigakafin cutar da ke karkashe kajin gida. Matsalar ita ce ana zuba ta a kwalba mai isar dabbobi da yawa, tana buƙatar sanyi, kuma idan an haɗa ta dole a ƙarar da ita cikin 'yan sa'o'i. Mai akuya huɗu ba za ta iya sayen kwalba ita kaɗai ba, kuma matar da ke kulle ba za ta kora dabbobinta zuwa inda ake yi wa manyan garkunan shanu allura ba.

Kirana ga Ma'aikatar Gona ta Jiha da hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar, wato KNARDA, da sassan gona na ƙananan hukumomi shi ne a tsayar da ranakun rigakafin awaki da tumaki da kaji a cikin Maris da Afrilu, ƙauye-ƙauye, a sanar ta bakin dagatai da masu unguwanni da limamai, a kuma sa mata cikin ma'aikatan domin su iya shiga gidaje. Jar akuyar nan da ake raina wa, fatarta ce majemun Sharaɗa da Challawa ke nema, kuma ita ce ake sayarwa idan yaro ya kwanta ciwo ko kuɗin makaranta ya taso. Ita ma wannan jarida ina roƙon ta ware shafi tun daga watan Fabrairu, inda likitan dabbobi zai riƙa amsa tambayoyin masu kiwo da Hausa, tare da farashin harawa da dusa na kowane mako.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu,
Unguwa Uku, Kano.