Amsa ga Malam Kan Shelar Ɓarakar Manhaja

Allah ya gafarta Malam,

Ranar Asabar a taron masu makarantu da aka yi a Sabon Gari ka miƙe ka tambaye ni: tunda manhajojin da nake ɗora muku kowa na iya leƙa cikinsu, kuma masu su da bakinsu suke shelar inda suka tsage, ashe ba ƙadangare ake nuna wa tsagar bango ba? An kira la'asar ban kai ga amsawa ba, shi ya sa na rubuto.

Tsoronka yana kan hanya. Sai dai ba haka kawai ake shelar ba. Wanda ya gano ɓaraka yakan fara sanar da masu kula da manhajar a asirce, ya ba su lokaci su yi faci. Masu binciken Google kwana 90 suke bayarwa. Ana kuma ba ɓarakar lamba a rajistar CVE, wadda cibiyar MITRE ta Amurka ta buɗe a 1999, don duk duniya a kira ta da suna ɗaya. Debian, wata buɗaɗɗiyar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, ita ma na da nata kundin, inda nake duba kowace lamba in ga wace manhaja ta shafa, an toshe ko tukuna. Ɓarawo yana karantawa, gaskiya ne. Amma shi ko ba a faɗa ba nema yake yi. In aka rufe, ni kaɗai aka bari a duhu.

Abin da ke hana ni barci daban ne, Malam. A Disamba 2021 aka bayyana ɓarakar Log4j, aka ba ta maki 10 bisa 10 wajen haɗari. 'Yar ƙaramar manhaja ce da ke narke cikin manya kamar gishiri a miya, kana amfani da ita ba ka sani ba. Na kwana a Samaru cikin sanyin hunturu, da hular sanyi a kai, inji na ta ƙara, ina bin kwamfutocin da nake kula da su ɗaya bayan ɗaya. Shida ne a littafina. Ta bakwai sai bayan kwana uku na tuna da ita. Tana ƙarƙashin tebur a ofishin jarrabawa na wata makaranta, ƙura ta toshe mata fanka, yaron da ya haɗa ta ya tafi bautar ƙasa. Sakamakon ɗalibai ne a ciki, kuma tana jone da intanet. Allah ya tsare, amma laifina ne, ban rubuta ta ba.

Manya ma hakan ta same su. Kamfanin Equifax na Amurka bai sa facin manhajar Apache Struts da ya fito a Maris 2017 ba, masu kutse suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147.

Ba na ce buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da mugu. Wani ya shafe wajen shekara biyu yana neman yardar mai kula da manhajar xz, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki. A Maris 2024 injiniya Andres Freund ya lura shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono ta, don ba a hana shi dubawa ba.

Roƙona gare ka, tunda ana jin maganarka: kowace makaranta ta buɗe littafi, a rubuta kowace kwamfuta, manhajar da ke kai, da sunan mai alhakinta. A ware kuɗin data. In na ce zan kashe kwamfuta na rabin awa in sabunta, a daina ce mini "ƙyale ta, ai tana aiki." Zan zo da samfurin littafin a taro na gaba, in Allah ya kai mu.

Ɗanka mai gyaran kwamfuta,
daga Samaru, Zariya